Madubin Gefe da Tirelar da Muke Ja: Jawabin Kwamitin Sufuri a Taron Cika Shekara

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Gidar da Figil da Marwa da Ngaundare, da baƙinmu da suka tsallako daga Yola da Mubi da Lere, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa mana wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana.

Da aka ce kwamitin sufuri zai yi magana, mun san abin da kunnuwa suke jira: shingayen hanya, kuɗin duwan, da hawa da saukar Naira a gaban Sefa. Waɗannan suna da masu su, kuma za su tashi bayanmu. Mu madubi muka zo da shi, madubin gefen mota, wanda makanikan Garwa suke kira retrobizo. Muna ganin wasu sun fara murmushi. Ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, in mun gama wanda ya ga abin dariya ne sai ya ƙarasa dariyarsa.

Kowa a nan ya ga yadda ƙananan tireloli, waɗanda muke ce wa remok, suka yawaita a bayan a-kori-kurar 'yan ƙungiya. Dalili a fili yake. Mai Hilux ko L200 ko Land Cruiser da a da yake sawu biyu tsakanin kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi da sitonsa, yanzu sawu ɗaya yake yi. Man sawu ɗaya zai sha, shinge sau ɗaya zai tsaya, direba sau ɗaya zai ci abincin hanya. Wannan dabara ce mai kyau, ba mu zo hana kowa ita ba. Abin da ya dame mu shi ne, mutum zai kashe kuɗi ya sa mai walda ya ƙera masa tirela, ya sayi taya da aksul da ƙugiyar ja, ya yi mata fenti har da rubuta sunan uwargida a baya, amma madubin da kamfani ya sa wa motar don ta yi tafiya ita kaɗai, shi zai bari a wurin. Motar ta ƙara tsawo, ta ƙara faɗi, idon direba yana nan inda yake.

Bari mu yi lissafi, tunda mu 'yan kasuwa ne, lissafi ne abincinmu. Hilux ɗin da aka fara fitarwa daga 2015 faɗin jikinta tsakanin mita 1.80 ne da 1.86, gwargwadon samfurinta. Tsakiyar gilashin madubinta tana kusan mita 1 daga tsakiyar mota. To a ce an ɗaura mata tirela, an jera buhunan albasa ko masara har sun ɗan leƙo waje kamar yadda muka saba lodi, faɗin kayan ya kai mita 2.40. Ke nan kayan sun kai mita 1.20 ta kowane gefe, sun zarce madubi da santimita 20. Kusurwar gaban tirela kuwa tana kamar mita 4 da rabi a bayan madubi. Santimita 20 ɗin nan, da ba ta wuce taƙi ɗaya na hannu ba, ita ce take rufe wa direba hanya, kuma duk mita 4 da rabi da aka ƙara baya sai wurin da ba ya gani ya ƙara buɗewa da wata santimita 20. A mita 45 baya, duk abin da yake cikin mita 3 daga tsakiyar motarsa ya ɓace masa. A mita 90, ya zama mita 5. In kwaltar mai faɗin mita 7 ce, kowane hannu mita 3 da rabi, to a wannan nisan hannun da ake bi a wuce shi kusan gaba ɗaya ya shiga duhu.

Yanzu ku sa bas ɗin ajans a cikin wannan duhun. Direbanmu yana tafiya kilomita 60 a awa saboda nauyi, bas yana zuwa da 100. Bambancin kilomita 40 ne a awa, wato kamar mita 11 a kowace daƙiƙa. In bas ɗin bai fara bayyana sosai a madubi ba sai a mita 45, daƙiƙa 4 ke nan tsakanin ganinsa da isowarsa. A cikin daƙiƙa 4 ɗin nan ne direbanmu zai kauce wa rami ya ɗan karkata hagu, domin shi a ganinsa bayansa fayau yake. Mai babur ya fi shiga haɗari. Wanda ya biyo layin tsakiyar titi ba zai fito a madubi ba sai ya rage saura kamar mita 10 ya taɓa wutsiyar tirela. Kun san kuwa irin baburan da muke haɗa hanya da su: wani da jarkokin zuwa-zuwa takwas a ɗaure, wani da mace da goyo da buhun gero. Ranar da aka taɓa ɗaya daga cikinsu, direba zai rantse da Allah bai gan shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai gaskiyar ba za ta ɗaga wanda yake kwance a kwalta ba.

Muna jin masu cewa ai da yaron mota, shi ne idon baya. Yaron mota yana da amfani a tasha da wurin ribas, amma a kan gudu kafin ya leƙa ya gani ya buga bodi direba ya fahimta, daƙiƙa huɗun ta ƙare. Wani abin sha'awa, a 1911 a tseren motoci na Indiyanafolis a Amurka, kowace mota tana ɗaukar mutum na biyu mai duba baya, irin yaron motarmu. Wani direba mai suna Ray Harroun ya ajiye nasa ya kafa madubi a gabansa, kuma shi ya ci tseren. An ruwaito daga baya ya ce madubin ya yi ta rawa a kan titin bulo har da ƙyar yake ganin wani abu a ciki. Ku riƙe wannan magana ta rawa, za mu dawo kanta, domin ita ce babbar matsalarmu a hanyoyin nan.

Maganin lissafin da muka yi guda ɗaya ne: gilashin madubi ya fita waje har ya ɗan zarce wuri mafi faɗi na tirela da kayanta. Da zarar ya zarce ko da santimita 5 ne, ido zai bi jikin tirela tiryan-tiryan har kusurwarta ta baya, duhun nan da yake buɗewa sai ya koma tsukewa. Hanya mafi araha ta kai wa ga haka ma ba ta bukatar sayen komai: wanda bai riga ya ƙera tirela ba, ya gaya wa mai walda kada faɗinta ya wuce na motar da za ta ja ta, kuma masu lodi su daina barin buhu yana leƙowa. Amma mun san halinmu. Tirelolin da suke hannu an riga an ƙera su da faɗi, kuma ranar da albasa ta yi kuɗi a Kudu babu mai sauke buhu biyu don madubi. Saboda haka sai a gyara madubin.

Abin da aka fi gani a shagunan kayan mota shi ne ɗan ƙarin madubi da ake maƙalawa a jikin na asali da maɗaurin roba ko ɗan maƙali mai sukuru. Yana da araha, ana sa shi a cire cikin minti biyu, kuma ga wanda yake jan tirela sau ɗaya a wata a kan kwalta mai kyau, ya wadatar. Ga wanda yake bin Gashiga zuwa Demsa ya tsallaka Belel kuwa, ba mu ba shi shawarar ya dogara da shi ba. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, yana cinye roba ta tsattsage. Gargadar hanyar burji tana sassauta maƙali. Irin wanda ake mannawa a gilashi da ɗan kofin roba kuwa, kada ma a ɓata kuɗi, ƙura kaɗai ta isa ta sake shi. Akwai kuma wani nauyi da mutane ba sa lura da shi: ƙarin yana rataye ne a kan madubin asali, iska tana tura shi, a hankali sai gaɓar da madubin yake lanƙwashewa a kanta ta saki, a wayi gari babbar mota in ta wuce da iskarta madubin ya rufe da kansa.

Sama da wannan akwai cikakken madubi na jan tirela, wanda ake cire na kamfani a ɗaura shi a ramukan noti na asali. Hannunsa yana zugewa waje in za a ja kaya, a mayar da shi ciki in an kwance tirela, kuma yawanci gilashi biyu ne a jikinsa, babba a sama ƙarami a ƙasa. Wannan shi ne na gaske, kuma shi ne mai tsada. Ƙasar Ostareliya, inda ake yawan jan tireloli da Hilux da Land Cruiser, ta yi suna wajen ƙera irinsa, ga kuma na Sin da suka kwaikwaya. Wanda zai yi odarsa ta Dubai ko ta hannun 'yan Camp Yabassi a Duwala ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya kula da abu biyu. Na farko ya faɗi samfurin motarsa da shekararta daidai, domin gindin madubin Hilux ta 2005 zuwa 2015 dabam yake da na wadda ta biyo bayanta. Na biyu ya faɗa musu sitiyarinsa a hagu yake. Ostareliya da Tailan da Japan duk sitiyarin dama suke amfani da shi, mu kuwa Kamaru da Chadi da Najeriya hannun dama muke bi da sitiyari a hagu. Najeriya ta koma haka tun 2 ga Afrilu 1972. Madubin da aka tsara wa direban da yake zaune a dama, in aka ɗaura shi a motarmu, yakan ƙi juyowa iyakar inda idon direbanmu yake bukata, musamman na ɓangaren fasinja.

In motar mai madubin lantarki ce, mai juyawa da maɓalli ko mai sigina a jiki, a kai wa mai wayarin da ya san aikinsa. A cire kan batir kafin a taɓa waya. A nemi soket da ya dace da na motar maimakon a yanke wayoyi a murɗa a naɗe da leda, domin ƙofa wuri ne da ruwan damina yake shiga, kuma wayar da aka murɗa ita ce take ƙona fis a tsakiyar dajin Binuwai da dare, sigina ta mutu gaba ɗaya. Akwai masu zuwa da na'urar ɗumama gilashi saboda ƙanƙarar Turai. In mai shago ya ƙara muku kuɗi a kanta, ku ce ya riƙe abarsa.

Mun san dai mafi yawanmu wurin mai walda za mu nufa, a ƙera hannun ƙarfe a ɗaura madubin babbar mota, irin na Canter ko Dyna. Ba laifi ba ne, kuma in an yi shi da kyau ya fi na roba nesa ba kusa ba. Amma a nan ne maganar rawa take dawowa. Duk tsawon da aka ƙara wa hannu, girgizar da take isa gilashi ƙaruwa take yi, kamar yadda bakin doguwar gora ya fi gindinta kaɗawa. Madubin da yake rawa kuwa haske kawai yake nunawa, ba za ka bambance babur da jaki a cikinsa ba. Don haka hannu ɗaya miƙaƙƙe ba ya yi. A yi shi da ƙafa uku, biyu a sama da ƙasa, ɗaya ta tokare su a karkace, yadda murhu yake zama daram a kan duwatsu uku. A yi amfani da bututun ƙarfe mara nauyi, a bar rodin gini, nauyinsa yana yage ƙofa. Fatar ƙofar motocin yanzu siririya ce ƙwarai. Duk inda noti zai huda ta, a sa faranti na ƙarfe ta ciki ya raba nauyin, a sa guntun tsohon tub tsakanin ƙarfe da fenti, a shafa wa ramin fenti ko giris saboda tsatsa. Noti kuma a sa mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da kansa, ko a sa biyu a ɗaure su da juna. Kuma a ƙera hannun a ƙasa, a gama, sannan a ɗaura. Walda a jikin mota da batir a haɗe tana iya taɓa ƙwaƙwalwar injin, kuɗin wannan kuwa ya sayi madubi masu yawa.

Abu ɗaya muke roƙon masu walda da masu motoci da babbar murya: kada a kafe hannun madubi ƙam. Dole a yi masa gaɓa da zai lanƙwashe in ya bugi wani abu. Tsayin madubin a-kori-kura daidai kafaɗa da kan mai babur yake. Ƙarfen da aka kafe ya fito santimita 30 daga jikin mota, a cikin cunkoson babbar kasuwa ko a kan gadar Binuwai da yamma, makami ne. Mun sa shi ne don kada mu taɓa mutum, kada kuma shi ya zama abin taɓawar. Haka nan kada a wuce gona da iri wurin tsawo. A Ingila doka ta ce madubin jan tirela kada ya zarce wuri mafi faɗi da fiye da santimita 25, a tsofaffin motoci ma 20. Dokarsu ba ta hau kanmu ba, amma ma'aunin mai hankali ne, mu are shi. In an kwance tirela kuma a mayar da madubi ciki ko a cire shi. Ba ado ba ne.

Sai gilashin kansa. Iri biyu ne: shimfiɗaɗɗe da mai doro. Shimfiɗaɗɗe yana nuna abu da girmansa da nisansa na gaskiya, amma wurin da yake kamawa kaɗan ne. Mai doro yana kama wuri mai faɗi, sai dai yana ƙanƙanta abu ya sa ka ɗauka yana nesa alhali ya iso. Shi ya sa a motocin da aka shigo da su daga Amurka za ku ga an rubuta gargaɗi a kan madubin dama. Mai jan tirela duka biyun yake bukata a kowane gefe. Babba shimfiɗaɗɗe, ko mai ɗan doro kaɗan, don auna nisan abin da yake tahowa. Ƙarami mai doro a ƙasa don ganin tayar tirela da abin da yake rakuɓe a gefe. Na daman ya fi bukatar kulawa, domin shi ne nesa da idon direba, kuma ta nan ne masu babur suke kutsowa a shataletale. Tirela ba ta bin sawun motar da take janta a kwana, tayoyinta suna yanko ciki. Direban da ya sha kwanar dama bai ga tayar tirelarsa ba, ko ya hau bakin kwalbati ko ya matse wanda yake tsaye a wurin.

A guji gilashin da ake yankowa daga madubin ɗaki a manna. Yana nuna abu biyu-biyu da dare in fitila ta haske shi, kuma in ya fashe tsini yake yi kamar wuƙa. Tun da Naira ta faɗi a 2023 kayan mota na Jimeta da Mubi suka yi wa mai Sefa sauƙi, kuma a cikinsu akwai nagari akwai na banza. Gwajin ba wuya: ka riƙe madubin ka dubi wani abu miƙaƙƙe a ciki, kamar turken lantarki ko bakin rufin kwano, ka ɗan motsa shi. In layin yana lanƙwasa kamar maciji, ajiye musu. A jikin nagari sau da yawa za a ga harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, alamar ya cika ƙa'idar da Turai take bi, ko da yake masu jabu ma sun iya buga ta, don haka ido ne alƙali.

Sayen madubi rabin aiki ne, saura saitawa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wurin dai mudun muke so, a zo da tef ɗin awo. A tsayar da mota da tirela a miƙe a fili, da lodi a kai, domin nauyi yana danne bayan mota ya canja inda madubi yake kallo. A auna wuri mafi faɗi, ko bodi ne ko buhu ko ƙugiyar igiya. A zuge madubi har gilashin ya zarce shi. Direba ya zauna yadda yake zama in yana tuƙi, ba tare da miƙa wuya ba. Babban gilashi a juya shi har jikin tirela ya ci ɗan siririn wuri ta ciki, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka, sauran duk hanya ce, kuma inda ƙasa ta haɗu da sama ya zo tsakiya. Ƙaramin a sunkuyar da shi sai tayar tirela ta fito. Daga nan yaron mota ya tsaya a kusurwar baya ta hagu, sannan ta dama. Dole direba ya gan shi a duka biyun. Sai ya ɗauki jarka ya yi baya mita 20 daga kujerar direba, kamar taku 26, ya yi gefe mita 4, kamar taku 5, ya ajiye. Wannan ma ma'aunin Ingila ne. In direba yana ganin jarkar da duk abin da yake tsakaninta da layin jikin tirela, madubi ya zauna. Kafin a tashi, yaron ya tsaya a mita 10, da 20, da 30, direba ya dube shi a gilashi mai doro, idonsa ya koyi yadda nisa yake a cikinsa. Duk wannan bai fi minti 15 ba.

A kan hanya kuma madubin nan ba don masu wucewa kaɗai yake aiki ba. Shi ne yake fara gaya wa direba tamfol ya kwance, ko igiya ta saki, ko buhu ya karkata. Shi ne yake nuna hayaƙin boris da ya yi zafi ko tayar da ta fara sacewa, tun kafin a ji a sitiyari, domin tirela ba ta kai wa direba labari da wuri. Masu hawa da gangarowa dutsen Wak a hanyar Ngaundare sun fi kowa sanin wannan. A hawa, mota tana jan ciki da giya ɗaya, manyan motoci suna bin bayanta. A gangara kuma nauyin tirela yana turo mota, in lodin ya fi yawa a baya sai ta fara kaɗa wutsiya. A madubi ake fara ganin kaɗawar, lokacin da sauke ƙafa daga totur a hankali da riƙe sitiyari a miƙe zai iya kwantar da ita. Wanda bai gani ba sai ta yi ƙarfi, yakan taka birki da ƙarfi, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Asalin maganin a wurin lodi yake: kaya masu nauyi a ƙasa, kamar kashi 60 cikin 100 a gaban aksul.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ga hazo ga motocin audugar Sodecoton suna ta zirga-zirga, gilashi yakan dushe cikin awa ɗaya. A ajiye tsumma mai laushi da gorar ruwa, a zuba ruwa tukuna kafin a goge. Gogen busasshiyar ƙura yana kankare gilashi. Mai dawowa daga Yola da la'asar sakaliya kuma ya sani rana tana bayansa, cikin madubi za ta faɗo masa. Ya rage gudu a wannan lokacin, kada ya juya madubin ya manta bai mayar ba. Masu sa kyamara a bayan tirela, madalla, tana taimakawa a ribas. Amma idonta ɗan ƙarami ne, ƙurar kilomita 10 ta isa ta rufe shi, don haka ƙari ce a kan madubi.

Ta fuskar hukuma, a taƙaice: ƙasashen CEMAC suna da dokar hanya ta bai ɗaya tun 2001, madubi yana cikin abin da ake dubawa a bizit teknik, kuma jandarma yana da ikon tsayar da mota a kansa. A tsallake ma jami'an Rod Sefti da na VIO suna dubawa. Tunda muna kan maganar, tirelar da nauyin da aka yarda mata ya wuce kilo 750 ta fita daga lasisin B ita kaɗai, tana bukatar rukunin E. Kilo 750 kuwa, in aka cire nauyin ƙarfen tirelar, bai fi buhun masara biyar ko shida ba. Kowa ya je ya duba lasisin direbansa, ya kuma tambayi mai inshorarsa ko takardar ta ambaci tirela. Katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC yana aiki a Chadi, amma Najeriya tana cikin tsarin kati mai ruwan ƙasa na ECOWAS. Duk wanda motarsa ta taɓa mutum a wancan gefen iyaka ya san yadda abin yake: direba a tsare, mota a ofishin 'yan sanda, albasa tana ruɓewa a rana, shugabannin ƙungiya suna ta safa da marwa tsakanin asibiti da iyalan wanda aka buge. Wannan ma in an yi sa'a da rai ke nan.

Wa zai biya kuɗin madubin? A ra'ayin kwamiti, mai mota. Mun ji inda ake cewa direba ya saya daga kuɗin hanyarsa. Alhazai, ku yi haƙuri, wannan bai dace ba. Wanda ya ɗaura tirela don ribarsa ta ƙaru, shi ya kamata ya ba direba idon da zai ja ta. Direba kuma nasa shi ne saitawa, da gogewa, da taɓa notuna kowace safiya tare da duba mai da ruwa, da kuma faɗin gaskiya in ba ya gani.

Hajiyoyinmu da sauran waɗanda ba su da mota, shata suke ɗauka, ku ma kuna da abin yi, kuma ba ya bukatar sanin inji. Bayan an gama lodi, Hajiya ki je ki tsaya a kusurwar bayan tirela ki dubi madubin gefe. In kina ganin fuskar direba a ciki, shi ma yana ganinki. In buhu kike gani ko bodi, to duk wanda ya biyo bayan kayanki a hanya haka zai ɓace masa. Ki zaga ɗaya gefen ki sake dubawa. Kina da ikon cewa a gyara lodin ko a kawo wata motar, kuɗinki ne.

Abin da kwamiti yake nema daga wannan taro uku ne, kuma muna so a saka su cikin abin da za a tattauna bayan sallar azahar. A amince ƙungiya ta tattara sunayen masu bukata da samfurin motocinsu a yi oda a dunƙule, domin farashin sari ya sauko. A zaɓi masu walda biyu a nan Garwa da ɗaya a Gidar, a zauna da su a fitar da hannu samfuri guda mai ƙafa uku da gaɓa, kowa ya riƙa yi a kansa. Sannan duk motar da za ta ɗauki kayan haɗaka da sunan ƙungiya, in da tirela a bayanta, sai ta ci gwajin jarkar nan kafin ta bar tasha. Mun zo da tef ɗin awo da jarka, suna nan a bakin ƙofa, kuma akwai motoci biyu da tirelolinsu a filin waje da masu su suka ba mu aro. Wanda yake son ya zauna a kujerar direba ya gani da idonsa, muna nan har la'asar.